Ƙofa Goma Sha Ɗaya da Keken Aro

Keken ba nawa ba ne, na ɗan yayata ne. Ranar Alhamis na zo Kano daga Zariya don bikin wata ƙanwarmu, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ranar Asabar mata suka shiga nasu shagalin, mu maza aka bar mu da tabarma da buta a ƙofar gida. Ni kuwa zama ba ya karɓa ta. Dama akwai wani buri da na daɗe ina ajiye da shi: in zaga ƙofofin birnin Kano goma sha biyar a yini ɗaya, a kan keke, in tsaya inda na ga dama, in wuce inda na ga dama. Shatar Adaidaita Sahu ba ta cikin lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wanda ya ɗauki shata don kallon ƙofa kawai, ko a gidansu sai an tambaye shi ko lafiya.

Yaron ya turo keken daga soro yana share sirdin da gefen rigarsa. Na hannu ne, irin waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam, mai giya, faranti uku a gaba, bakwai a baya. Kacar baƙa ƙirin, ta yi kauri da baƙin mai da ƙura har ba ka ganin ƙarfen.

"Kawu, lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Giyar ce kawai kada ka taɓa. Inda take ɗin nan, nan take zama."

Na leƙa, kacar tana kan 'yar ƙaramar giyar baya, ta can waje. Ban ce komai ba. Ni da na koyi keke a wajen mai hayar unguwarmu, keken da ba giya ba birkin kirki, kana zagaye mai shi na duba agogo, me zai kai ni taɓa abin da aka ce kada in taɓa?

Daga Hausawa na hau titin Gidan Zoo wajen ƙarfe takwas. Hunturu ne, hazo ya sauko har rana ta fito fara fat kamar wata, kana kallonta ido da ido. Da Ƙofar Ɗan Agundi na fara, na karya hagu na ɗauki titin BUK, inda ƙofofi suke a jere a hannun dama kamar an shirya wa baƙo: Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga. Badalar da Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, ya fara ginawa a zamaninsa, tsakanin 1095 da 1134, a wani wurin tana nan tudun jar ƙasa awaki na hawa, a wani wurin gine-gine sun sha gabanta sai ka yi leƙe. Ƙofar Na'isa da na tsaya a gabanta ba ta dā ba ce, an rushe waccan aka gina wannan da za a faɗaɗa hanya. Duk da haka na ɗau hoto.

A gadar ƙasa ta Gadon Ƙaya abin ya same ni. Gangarawa ba a magana, iska na kaɗa riga, na ji kamar na koma ɗan shekara goma sha biyar. Da aka zo hawa sai na miƙe tsaye a kan feda, na sakar wa ƙafar dama nauyina duka. Ƙaras! Fedar ta zurma ƙasa ba ta ja komai ba, ƙafata ta suɓuce, ɗaya fedar ta zagayo ta dakar min ƙashin ƙwauri. Keken ya yi tangal-tangal a tsakiyar rami, ɗan Adaidaita na bayana ya danne hon, ya leƙo da kai.

"Malam, in ba ka iya ba ka sauka ka tura mana!"

Na sauka na tura.

A sama na jingina keken na duba. Kacar ba ta fita ba, ba ta tsinke ba, tana nan daram inda take. Na ɗaga baya na juya feda da hannu, wili na ta juyawa sumul. Na hau, a miƙaƙƙen titi lafiya lau. Da na ɗan ƙara ƙarfi zan wuce wani mai kurar ruwa, ƙaras, ta sake. Iyakar sanina da kaca shi ne na keken dā: in ta saki, ka sassauta notin wilin baya, ka ja wilin baya kaɗan, ka ɗaure, shi ke nan. To wannan keken yana da wani ɗan hannu na ƙarfe da ke rataye a baya, mai ƙananan tayoyin roba biyu, shi ke ɗaga kaca daga wannan giya zuwa waccan, shi kuma ke riƙe ta a miƙe. Babu abin da zan ja.

Famfo da Dukawuya da lallaɓawa na wuce su, ina taka feda kamar mai taka ƙwai. A wannan kusurwar ce, wajen Dukawuya da Kabuga, sojojin Turawa suka fasa suka shiga birni a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari. Na so in tsaya in ba wurin haƙƙinsa, amma hankalina duk yana ƙasa, wajen ƙafata.

Kusa da Kabuga na hango tayoyi rataye a jikin turken lantarki, da famfon iska, da kwanon ruwan faci. Wani saurayi ne. Ban gama bayani ba ya ce, "Mai take so." Ya ɗauko gorar ruwa da aka huda murfinta, ya tsiyaya baƙin mai a kan kacar har yana ɗiga a ƙasa. Na hau na gwada, ƙaras. Ya ce, "To kacar ce ta mutu, Alhaji." Yana da sabuwa a kwali, na saya. Ya ɗora gaɓar kacar a kan noti, ya sa ƙusa da guduma ya fitar da fin, ɗan ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa, ya rage tsawon, ya zura, ya buga ya haɗe. Zai jefa tsohuwar cikin tarin ƙarafansa na ce ya sa min a leda. Ba don na san za ta yi amfani ba, sai don kayan aro ne, in nuna wa mai shi abin da aka cire.

Garin neman gira aka rasa ido. Dā sai na danna da ƙarfi take zamewa, yanzu ko tashi zan yi daga tsaye sai ta yi tsalle, ga kuma wani sabon ɗan ƙas da ke zuwa lokaci-lokaci ko ban danna ba. Na juyo na gaya masa. Ya ce sabuwa ce, sai ta saba. Ban yi musu ba, don ban san da me zan yi musun ba.

Nan na haƙura da Kansakali da Waika da Dawanau. Na shiga ta Kabuga na nufi Tal'udu, na kama titin Aminu Kano, ni a ƙasa keke a hannu. Tura keke a Kano yana son haƙuri. Wasu yara 'yan makarantar allo suka bi ni da kallo, ɗayansu ya ce, "Baba, mai ne ya ƙare?" Goron Dutse na tsaye cikin hazo yana kallona, ƙwaurina ya kumbura ya yi tsini, leɓena ya tsage. Da na iso Gwammaja, wajen Gidan Mumbayya inda Malam Aminu Kano ya zauna, na ce wa kaina aƙalla in ƙafar ta matsa, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa.

A wani lungu, gindin darbejiya, na ga keke a kife ƙafafu sama. Dattijo ne a zaune kan ɗan benci, farin gemu, tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, akwatin katako a gabansa, yara biyu masu koyo suna wanke boris a cikin gwangwanin kananzir. Na yi sallama, muka gaisa, ya tambayi gida da sanyi.

"Baba, kacan nan ne yake ta zamewa," na ce.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Kacan ne yake? Daga Zazzau aka zo ke nan." Ya juya wajen yaran. "Ku ba bawana wurin zama, ya sha hanya."

Na ce Bakano dai ko ya tsufa ba ya daina mafarki. Aka yi dariya, aka miƙo min ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai taɓa keken ba. Ni ya sa a gaba da tambaya, kamar likita.

"In ta zame, ƙafar tafiya take yi gaba ɗaya ba ta kama komai, ko ɗan tsalle take ta sake kamawa?"

Na ce tsalle.

"Kullum, ko sai ka danna?"

Na ce da safe sai na danna, yanzu kusan kullum.

"Me ya faru tsakanin safe da yanzu?"

Na ba shi labarin sabuwar kaca. Ya ce uhm, ya shafa gemu.

"Kafin ta zame, kana jin tana ƙerere-ƙerere, kamar tana son hawa giyar kusa da ita?"

Na ce a'a, shiru take sai dai ƙaras.

"A wace giya take yi?"

Na ce ban taɓa giya ba, an ce kada in taɓa. Nan fa ya yi dariya har da tari.

Daga baya, muna zaune, ya warware min abin da kowace tambaya take nema. Kalma ɗaya mutane ke kawo masa, "tana zamewa", amma cutar ba ɗaya ba ce. In feda ta zagaya wayam ba ta ja wili ba sam, wannan ba ruwan kaca. A cikin firiwil, wato curin giyoyin nan na wilin baya, akwai 'yan harsuna biyu na ƙarfe da siririyar waya ke turowa su kama haƙoran ciki, su ne ke yin tik-tik-tik ɗin nan in ka daina tuƙi. In tsohon giris da ƙura suka daskare a kansu sai su kwanta su ƙi tashi, musamman da sanyin safiya. Maganinsu kananzir a wanke, a bi da mai marar kauri. In kuwa tana ƙerere tana neman tsallakawa giyar maƙwabciya, to wayar giya ce ta saki ko ta yi tsatsa, ko kuma keken ya taɓa faɗuwa ta dama ɗan hannun nan ya lanƙwashe. In tsallen yana zuwa a kan ƙa'ida, kamar mai kiɗa, ko ka danna ko ba ka danna ba, gaɓa ɗaya ce ta ƙage. In sai an danna, kuma a wasu giyoyin kawai, to haƙora ne suka cinye.

"Kai biyu ka kawo min," in ji shi. "Ɗaya ka zo da ita daga gida, ɗaya ka saya a hanya."

Sai a lokacin ya tashi. Ya ɗiga mai a bakin wayar giya, ya yi ta murza abin canjawa har ta saki jiki, ya mayar da kacar kan giya ta huɗu, ya ce wa babban yaron ya hau ya je ƙarshen lungu inda akwai ɗan tudu. Yaron ya miƙe tsaye kan feda ya haye, ko ƙas. Ya dawo, aka mayar ƙaramar giya, taku biyu ya yi, ƙaras. Ta kusa da ita ma haka. Sauran biyar ɗin lafiyarsu ƙalau. Wato tun daga Kabuga har Gwammaja da na turo keke cikin ƙura, yara na min tsiya, da babban yatsana kawai na motsa da a zaune zan zo. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ya kife keken, ya tsuguna, ya riƙa juya feda baya a hankali, idonsa a kan ƙananan tayoyin nan biyu. "Zo ka gani." Kacar na wucewa sumul, sumul, sai ɗan hannun ya yi firgigit ya koma. Ya ce in ƙirga. Juyi ɗaya, biyu, uku, firgigit. Ɗaya, biyu, uku, firgigit. Lissafin a fili yake in an nuna maka: gaɓoɓin kacar 114 ne, farantin tsakiya na gaba haƙoransa 38, don haka duk juyin feda uku kaca ta zagayo sau ɗaya, gaɓar da ta ƙage ta sake isowa. Ya tsayar da ita daidai wurin, ya kama da yatsu biyu. Ita ce wadda aka buga da guduma ɗazu. Fin ɗin ya leƙo ta gefe ɗaya, ya nutse ta ɗaya gefen, ya matse gaɓar ta ƙi lanƙwasa.

"Ina tsohuwar?"

Na miƙa masa ledar. Ya ce na yi hankali, abin mamaki ga Bazazzagi.

Ya wanke wani sashe nata da kananzir, ya miƙar da ita a kan benci, ya ɗauko tef irin na kafinta. Ya ce na tela ba ya yi, shi kansa miƙewa yake. Kowace kacar keke, in ji shi, daga fin zuwa fin rabin inci ne, ko ta wace ƙasa ce. Saboda haka gaɓa 24 inci 12 ne cif. Ya sa bakin tef a tsakiyar wani fin, muka bi har inci 12. A sabuwar kaca, a nan za ka tarar da tsakiyar wani fin ɗin. A wannan, fin ɗin ya wuce layin da fiye da ɗaya bisa takwas na inci. In ya wuce da rabin haka, ɗaya bisa goma sha shida, lokacin canja kaca ya yi, kuma haƙora za su tsira. In ya kai inda wannan ta kai, ta riga ta tafi da haƙoran.

Ganin kamar ban gamsu da ɗan wannan tazarar ba, sai ya fitar da fin ɗin da aka buga ba daidai ba, ya zare sabuwar kacar daga keken, ya rataye su biyun a ƙusa ɗaya a jikin darbejiyar. A sama gaɓa na kallon gaɓa. Kana sauko da ido suna rabuwa kaɗan-kaɗan, kafin ka kai ƙasa tsohuwar ta zarce sabuwar da fiye da gaɓa guda, alhali adadinsu ɗaya. Na ce ashe ƙarfe na miƙewa kamar roba. Ya ce ba miƙewa ba ce, cinyewa ce. Ya fitar da fin ɗaya daga tsohuwar ya ɗora min a tafin hannu. Maimakon ya zama santal, an ci masa wuya ta gefe ɗaya, har farce na maƙalewa. Kowane fin ya rasa ɗan abin da ido ba ya gani, sai an tara sama da ɗari ya zama gaɓa.

Sannan ya goge firiwil ɗin da tsumma ya ce in kwatanta. Haƙoran manyan giyoyi suna da faɗi a kai, ramin da ke tsakaninsu zagayayye. Na ƙananan biyun nan kuwa sun yi tsini, ramin ya zurma gefe ɗaya kamar bakin lauje. Ya gargaɗe ni kada in ga haƙori gajere ko karkatacce in ce ya lalace, don a kekunan yanzu da gangan kamfani ke yanka wasu haka saboda canjin giya ya yi sauƙi. Ramin ake dubawa. Ƙaramar giyar haƙoranta 14 ne, kuma kusan rabinsu ne kawai ke riƙe da kaca a lokaci guda, to duk ƙarfin saurayi mai son gudu a kansu yake ƙarewa. Tsohuwar kaca da tsofaffin haƙora tare suka tsufa, sun san halin juna, shi ya sa sai an matsa musu suke saɓawa. Sabuwa kuwa takunta rabin inci ne cif, ramukan sun fi haka faɗi, ba ta samun wurin zama, sai ta hau kan haƙoran ta dirgo.

"Kamar a kai yarinya gidan tsoho ne," in ji ƙaramin yaron. Baba ya ce masa ya ci gaba da wankin boris.

Na tambaya ko da gaske za ta saba. Ya ce za ta saba mana, ranar da ita ma ta lalace.

Ya ba ni zaɓi, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. In ba kuɗi, ya gyara gaɓar, in hau a giya ta uku ko ta huɗu, za ta kai ni gida har ta yi watanni. In da hali, a sa sabon firiwil. Farantan gaba ya duba, ya ja kaca daga goshin farantin ya ga ba ta ɗagowa, ya ce su suna da sauran rai, haƙoransu da yawa, aikin ya rarrabu a kansu. Na tuna kuɗin tsarabar da na ware, na tuna fuskar yayata in aka ce ƙaninta ya ari keken ɗanta ya dawo da shi yana tsalle. Na ce a sa sabo. Ya aiki babban yaron Sabon Gari a kan nasa keken.

Nasa keken abin kallo ne. Raleigh ne baƙi, birkin sanda, fentin ya koɗe amma ko ƙara ba ya yi. Bayan mun yi azahar a masallacin lungun, na sayo mana gurasa bandashe, muna ci yana ba ni labarin zamanin da ake harhaɗa Raleigh a nan Kano, a Bompai, lokacin da malamin makaranta in ya sayi keke sai an zo an yi masa murna, a naɗe firam da leda mai launi, a sa madubi biyu. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika gari. Abin da ya fi yabawa a waɗancan kekuna shi ne gidan kaca, rufaffen gwangwanin nan da ke lulluɓe ta gaba da baya. Kacarsu mai faɗi ce, ɗaya bisa takwas na inci, a layi ɗaya take tafiya, ƙura ba ta ganinta, sai ta shekara da shekaru. Ta mai giya siririya ce, tsirara take, kullum ana karkata ta hagu da dama. Ni dai ina ganin akwai son zuciya a maganar, don da keken Baba zan hau gadar Gadon Ƙaya da tun a tsakiya zan sauka. Amma a kan ƙura gaskiyarsa ce.

Inda ya fi zafi shi ne baƙin mai. Ya ce man da aka juye daga inji ya riga ya gama aikinsa, cike yake da garin ƙarfe, ga danƙo. Ka zuba shi a kaca cikin hunturun Kano, kafin la'asar ya kwashi ƙurar titi ya zama dutsen wasa wuƙa, kai kuma kana ta murza shi a cikin gaɓoɓi da ƙafarka. Arha ce ke sa a yi, kyauta ake samunsa a wajen masu gyaran babur. Shi man keken ɗinki yake sawa, ko sabon man inji in babu.

Yaron ya dawo wajen ƙarfe uku. Cire tsohon firiwil ɗin ya zama ɗan biki. Da zare irin na noti yake ɗaure a jikin wili, kuma duk takun da aka yi wa feda tun ranar da aka sa shi ƙara ɗaure shi ake yi. Baba ya fito da wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga daga ƙasan akwati, naɗe a tsumma kamar laya, muka ɗunguma shagon mai walda na kusa. Aka damƙe ƙarfen a bais, abin matse ƙarfe na kan tebur, aka kifa wilin a kai, yaran biyu suka kama taya kamar sitiyarin tirela suka murɗa hagu. Shiru. Mai walda ya ajiye aikinsa ya sa hannu. Sai ji muka yi ƙaƙ, ya saki. Kafin a ɗaura sabon, Baba ya shafa giris a zaren, ya fara murza shi da yatsu a hankali, ya ce in aka fara shi a karkace wilin gaba ɗaya aka kashe.

Ya mayar da kacar, wannan karon da ɗan abin matse fin mai hannu kamar makulli, ba guduma ba. Ya murza har fin ɗin ya leƙo daidai ta kowane gefe, ya kama kacar hannu biyu ya ɗan lanƙwasa ta gefe da gefe a kan gaɓar, ta saki. Ya juya feda baya, muka ƙirga har goma, ba firgigit. Ya koma bayan keken ya rufe ido ɗaya ya duba ko ƙananan tayoyin nan suna ƙarƙashin giya sak, ya ce hannun bai lanƙwashe ba. Ya riƙa canja giya ɗaya-ɗaya yana murza ɗan maƙogwaron da wayar ke shiga, kwata-kwatan juyi, kunnensa a kusa, har ƙererewar ta ɗauke. Baƙin man da ya shafi farantan gaba aka wanke tas. Sannan ya bi kacar gaɓa-gaɓa da ɗigo ɗaya-ɗaya, ya juya ta, ya sa tsumma ya goge bayanta har ta yi kamar ba a sa komai ba. Na ce ai ya goge man. Ya ce na ciki ne ke aiki, na waje ƙura yake kira.

Da zan tafi ya ce in sauko da giya tun kafin in fara hawa tudu, kuma in sassauta ƙafa lokacin canjawa. Na biya kuɗin firiwil. Na aikin kuwa ya ce in ba yaran abin da ya sawwaƙa, shi ba ya karɓar kuɗi a hannun bawansa. Na ce to ubangida ya gode, na ninka abin da na yi niyya na ba su.

La'asar ta yi nisa, Ƙofar Ruwa ma na bar ta. Na ratsa ta gindin Dutsen Dala, inda wani lungu ya ɗan yi tudu. Na sauko da giya kamar yadda aka ce, sai kuma zuciya ta ce in gwada. Na mayar da ita ƙaramar, na miƙe tsaye, na sakar mata nauyina ina ɗaure da haƙora, ƙwaurina na jiran duka. Keken ya haye kawai.

Mazugal na wuce ta a guje. A Wambai na sake sauka na tura, amma wannan karon cunkoson 'yan kasuwa ne da masu baro, ba laifin kaca. Ƙofar Mata na tarar masu rini suna rufe ramukansu a marinar da aka rubuta 1498 a bakinta, hannayensu shuɗi har gwiwa. Nassarawa fitilu sun fara kamawa. Ana kiran magariba ina Sabuwar Ƙofa, na yi salla a nan, keken a jingine inda nake hango shi.

A ƙofar gida na tarar da yaron yana jira. Na miƙa masa ledar da tsohuwar kaca da tsohon firiwil, na fara yi masa bayanin inci 12 da bakin lauje da baƙin mai. Yana ta cewa "To, Kawu," idonsa na kan kacar da ke ƙyalli.

"Ƙofa nawa ka gani?"

Na ce goma sha ɗaya. Kansakali, Waika, Dawanau da Ƙofar Ruwa suna bina bashi.

Ya tsuguna ya leƙa baya. "Kawu, ka taɓa giyar."

Na ce na taɓa, kuma a ta huɗu nake so ya riƙa barinta. Ya ce to. Ya haye ya ce bari ya je ya sayo wa Umma kati. Bai kai kwanar layin ba na jiyo ƙas, ƙas, ƙas, sau uku, ya mayar da ita inda take zama.